BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA

Da farko ina miƙa godiyata ga shugabannin Ƙungiyar Hausa da editan wannan mujalla tamu mai farin jini, saboda filin da suka ba ni in tofa albarkacin bakina. Abin da nake so in yi magana a kansa ba baƙo ba ne ga kowa, domin ta ƙofarsa yawancinmu muka shigo nan, watau jarrabawar shiga jami'a wadda hukumar JAMB take shiryawa kowace shekara. Sai dai na lura da wani hali namu. Da zarar ɗalibi ya sami gurbi, ya karɓi katin shaida, ya kama ɗaki, sai ya shafe zancen wannan jarrabawa daga ransa, alhali kuwa ƙannensa suna can gida, ita ce ke hana su barci.

Abin da na gani da idona shi ne, ɗan Bahaushen da ya fito daga makarantar gwamnati ta ƙauye jarrabawa uku yake yi a zama ɗaya. Akwai ta darasin kansa, akwai ta Turancin da aka yi tambayar da shi, sa'an nan akwai ta na'ura da agogo. Da yawa daga cikin waɗanda suke faɗuwa ba ta farkon ce take kayar da su ba. Mu kuwa da Allah Ya ƙetarar da mu, da Hausa muka yi shirin, ko da yake mai karatu zai yi mamakin jin haka. In an biyo ni sannu a hankali za a ga yadda abin ya kasance.

Asalin Jarrabawar

Malamanmu da suka manyanta za su tuna ba haka ake shiga jami'a a da ba. An buɗe ta Ibadan a 1948, ta Nsukka a 1960, ta Zariya da ta Ife da ta Legas a 1962, ta Benin a 1970. A 1975 kuma aka aza harsashin waɗansu guda 7, cikinsu har da ta Kano da ta Sakkwato da ta Maiduguri da ta Jos. A wancan zamani kowace jami'a ita ke ɗaukar ɗalibanta yadda ta ga dama. Sai ka ga yaro ɗaya ya nemi uku, duk sun ɗauke shi, ya tafi ɗaya ya bar gurabe biyu a wofi, wani kuwa yana zaune gida bai sami ko ɗaya ba. Don a magance wannan ne gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kafa hukumar JAMB da doka ta 2 ta 1978. A 1989 aka faɗaɗa aikinta ya haɗa da kwalejojin kimiyya da fasaha da na horon malamai, a 2010 kuma aka haɗe jarrabawoyin suka zama guda ɗaya, wadda ake kira UTME. Shekaru da yawa da fensir ake yin ta, ana cike ɗan gurbin amsa a takarda. A 2013 aka fara gwada kwamfuta, daga 2015 kuwa aka bar takarda gaba ɗaya.

Yadda muka same ta, darussa huɗu mutum yake ɗauka. Turanci tilas ne ga kowa, sauran ukun kuwa sun danganta ga abin da yake so ya karanta. Tambayoyin Turanci 60 ne, sauran kowanne 40, jimla 180 ke nan, cikin awa biyu, maki kuma 400. Wanda ya yi lissafi zai ga kowace tambaya daƙiƙa 40 ce rabonta. Bayan wannan sai mutum yana da kiredit biyar a WAEC ko NECO, sa'an nan ya fuskanci tantancewar da jami'o'i suka fara yi da kansu tun 2005. Wani abin tsoron kuma, sakamakon na shekara ɗaya ne tak. In ba ka sami gurbi bana ba, baɗi sai ka sake sayen fom, ka sake zama.

Abin Da Ya Sami Yayana

Ni ɗan wani ƙaramin gari ne mai hakimi, inda wutar lantarki take leƙowa jefi-jefi kamar baƙon da bai yi niyyar kwana ba. A gidanmu yayana ne ya fara zuwa wannan jarrabawa, a 2021. Tun daga firamare shi ne na ɗaya a lissafi, har malamai kan ba shi alli ya ƙarasa wa 'yan aji darasi. Baba ya sayar da gero aka yi masa rajista da kuɗin mota zuwa birni, duk unguwa kuma aka sa ido.

Ranar jarrabawar ce rana ta farko da Yaya ya taɓa zama gaban kwamfuta. Ya gaya mini ya ga tambaya ta farko, ya san amsarta sarai, amma bai san yadda zai gaya wa na'urar ba. Ya kama linzamin, ɗan kibiyar ya gudu can gefe ya ɓace. Kunya ta hana shi ɗaga hannu, don yana ganin yaran birni a gefensa suna ta danne-danne kamar masu kaɗa kalangu. Kafin ya gane kan abin, kusan rabin awa ta wuce, zuciyarsa kuma ta riga ta karye. Makin da ya samu bai kai shi ko'ina ba. Daminar shekarar ba ta yi mana kyau ba, babu halin a sake, sai ya kama koyon ɗinki.

Da na shiga ajin ƙarshe na sakandare, wata rana ya kira ni shagonsu, ya ce, "Auta, kuɗin fom ɗinka ni zan biya daga keken nan. Amma ka sani sau ɗaya ne, ba ni da na biyu. Kuma ba za ka je yadda na je ba." Wannan magana ita ce ta zama mini bulala har ranar da na fito daga ɗakin jarrabawa.

Zauren Malam

Mu bakwai muka haɗa kai, maza biyar, mata biyu, tun watan Oktoba na 2022. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma lalle babu ɗayanmu da yake da cikakkun littattafai. Wani yana da na Gwamnati, wani na Kimiyyar Sinadarai, wani kuma ya gaji tulin tambayoyin shekarun baya daga ɗan kawunsa. Wurin zama muka rasa, sai wani tsohon hedimasta da ya yi ritaya a unguwarmu ya ba mu zaurensa. Muna haɗuwa bayan La'asar, matan su koma gida kafin Magariba, mu maza mu dawo bayan Isha'i da fitila mai caji.

Kwana uku Malam yana zaune a bakin ƙofa bisa buzunsa yana sauraronmu, bai ce uffan ba. Kowa ya buɗe littafi yana ta maimaita jimlolin Turanci kamar mai tilawa. A rana ta huɗu ya kira ɗaya daga cikinmu, wanda ya fi kowa hadda, ya ce ya gaya masa ma'anar tsarin mulkin tarayya. Yaron ya zubo bayanin littafi da Turanci, bai tsallake ko waƙafi ba. Malam ya ce, "Madalla. To, yanzu faɗa mini da Hausa." Yaron ya yi shiru, ya dubi rufin zaure, ya ce, "Allah Ya gafarta Malam, ai ba shi da Hausa."

Malam ya yi murmushi ya ce, "'Ya'yana, karatun da bai sauka cikin harshenka ba baƙo ne, gari na wayewa zai yi maka sallama." Sa'an nan ya tuna mana da abin da muka sani tun muna yara. A makarantun ilmi na zaure, almajiri yakan karanta Larabcin Ahalari ko Ishmawi ko Iziyya ko Risala gaɓa-gaɓa, malami yana fassara masa da Hausa, kuma ba ya wucewa gaba sai ya iya mayar da abin da aka biya masa. Da wannan hanya aka yi ɗaruruwan shekaru ana yaye malaman da suka rubuta littattafai da Larabci tsantsa, Hausar kuwa ba ta rage musu Larabcinsu da komai ba. Ya ce, to, me zai hana a yi wa boko haka?

Daga ranar muka kafa doka. Kowa zai karanta babinsa da Turanci, ya rufe littafi, ya tashi ya bayyana mana da Hausa har kowa ya gamsu, sa'an nan ya sake mayar da shi Turanci da kalmominsa na kansa. In ya kasa mataki na biyu, bai gane ba. In ya kasa na uku, bai shirya wa jarrabawa ba.

Bari in kawo misalai kaɗan. Shi wannan tsarin tarayya, wanda tsarin mulkin Lyttleton na 1954 ya tabbatar a Nijeriya, da gandu da gayauna muka kama shi. A gidan gandu akwai gonar da kowa ke aiki a cikinta a ƙarƙashin maigida, daga cikinta ake ci, ake biyan haraji, sa'an nan kowane magidanci yana da gayaunarsa wadda yake juyawa yadda ya so. Muka ce gandu ita ce gwamnatin tsakiya, gayauna kuwa jihohi. Sai ɗaya daga cikin matan ta ce misalin bai cika ba, domin maigida ne ya ba da gayauna, in ya ga dama ya karɓe, amma a tarayya tsarin mulki ne ya raba wa kowa ikonsa, ba kyautar wani ba ce. Malam ya tafa hannu ya ce wannan gyaran da ta yi shi ne darasin duka. Bayan haka ko ta wace fuska aka juyo mana da tambaya a kan bambancin tarayya da mulkin dunƙule, ba ta ba mu tsoro ba.

'Yan kimiyyar cikinmu su ma haka. Dalilin sanyin ruwan randa shi ne darasinsu na yadda ruwa ke zama tururi, watau ruwa yana tsatsowa ta ƙananan kafofin yumɓu, in ya bushe a bayan randar sai ya tafi da zafin na ciki. Kanwar da iyayenmu mata ke jefawa a miyar yakuwa don ta kashe tsami ita ce darasin haɗuwar sinadari mai tsami da kishiyarsa. Jigon da ake ban ruwa da shi a fadama kuwa, da sandarsa da madogararsa da curin ƙasar da ke gindinsa, shi ne darasin yadda ƙaramin ƙarfi ke ɗaga babban nauyi. Ni ba ɗan kimiyya ba ne, darussana Hausa ne da Gwamnati da Addinin Musulunci, amma har yau ban manta da waɗannan ba, don a harshena na ji su.

Abin dariya kuma abin takaici, a darasin Gwamnati akwai babi a kan mulkin ƙasar Hausa kafin zuwan Turawa, inda littafi ya jero Waziri da Galadima da Madawaki da Ma'aji da Sarkin Fada da ayyukansu. Wani a cikinmu ya yi mako yana haddar cewa Madawaki shi ne shugaban mayaƙa, yana lanƙwasa sunan da harshen Turawa, bai taɓa kawowa a ransa ba cewa Madakin nan ne da ake gani bisa doki ranar hawan salla. Ka ji inda Turanci ya mai da mutum baƙo a gidan ubansa.

Turanci

Na san wani zai ce, ai da Turanci ake tambaya, yawan Hausa ba zai gurgunta Turancin ba? Tambaya ce mai ma'ana, kuma mu ma ba mu yi wasa da ita ba. Shi ya sa doka ta ce sai an koma Turanci a mataki na uku. Bugu da ƙari, mun keɓe ranakun Asabar da Lahadi ga Turanci kaɗai, wanda ya yi Hausa a zaure a ranakun nan shi zai biya kuɗin cajin fitila.

Sa'ad da muka zauna muka bi tambayoyin baya ɗaya bayan ɗaya, mun gano sau da yawa ƙaramar kalma ce take kayar da mutum, ba babba ba. Za a jero abubuwa huɗu a ce duk daidai ne ban da ɗaya, mai gaggawa bai ga kalmar da ke nufin "ban da" ba, sai ya zaɓi amsar farko da ya ga gaskiya ce. Saboda haka muka saba wa kanmu da karanta tambaya sau biyu, mu fassara ta a zuci kafin mu dubi amsoshi.

Akwai kuma sashen furuci, wanda ya fi ba mu wuya, domin ana tambayar sauti ne ba tare da an ji sautin ba. Bahaushe bai raba "p" da "f" a harshensa ba, don haka "pan" da "fan" duk ɗaya ne a kunnensa. Haka nan Turanci yana danna gaɓa ɗaya a kalma ya fifita ta, har ma'ana takan canja in dannawar ta koma wata gaɓar. Nan ma Hausa ce ta cece mu. Malam ya ce mu faɗi "kuka" na hawaye da "kuka" ta miya. Baƙaƙe ɗaya, wasula ɗaya, amma karin sauti ya raba su. Ya ce wanda kunnensa ya iya raba waɗannan biyu tun yana goye, ba shi da hujjar cewa ba zai ji dannawar Turanci ba, sai dai bai saurara ba. Daga nan muka riƙa jin labaran Turanci a rediyon Malam kowane dare, muna rubuta kalmomi muna ja wa gaɓar da aka danna layi.

Littafin labarin da aka wajabta mana a shekarar shi ne The Life Changer na Khadija Abubakar Jalli. Ana sayar da 'yan takardun taƙaitawa a bakin makarantu, amma mu karanta shi muka yi a fili, babi-babi, kowa da juyinsa. Ribar biyu ce, mun san labarin, bakinmu kuma ya saki.

Kwali Da Agogo

Saura jarrabawa ta uku, a nan ne Yaya ya shigo. Wata Juma'a da dare ya zo zauren da kwalin sabulu guda bakwai da ya yanka, ya zana allon madannan kwamfuta a kan kowanne da biro, kowane harafi a mazauninsa. Ya yi wa haruffa takwas da'ira da jan alli irin na tela. Ya ce ya bincika ya tabbatar, ko mutum bai taɓa linzami ba zai iya gama jarrabawar da waɗannan: A da B da C da D na zaɓen amsa, N na zuwa tambaya ta gaba, P na komawa baya, S na miƙa aiki in an gama, R na fasa miƙawa in an danna bisa kuskure. Ya ce, "Da wani ya gaya mini wannan kafin in shiga, da yanzu ba keke nake takawa ba." Babu wanda ya iya cewa komai a zauren.

Muka riƙa gwaji kowace Alhamis. Mutum ɗaya ya riƙe agogon bangon Malam, a raba tambayoyi 180 na wata shekara, kowa ya sa kwalinsa a cinya, yana danna harafi yana rubuta amsarsa a gefe. Awa biyu na cika a ce a tashi, ko kana tsakiyar tambaya. Gwajin farko babu wanda ya wuce tambaya 130. A hankali muka koyi dabarar da ta fi kowace amfani, watau kada ka tsaya kokawa da tambayar da ta ƙi. Fara da darasin da ka fi ƙarfi, ka kwashe masu sauƙi, ka tsallake masu taurin kai, in ka zagayo ka dawo musu da sauran lokacin da ka tara. Kafin watan Maris kowa yana gamawa da rarar minti goma.

Amma gani ya kori ji. Muka yi karo-karo, ranar kasuwar hedikwatar ƙaramar hukumarmu muka je wani shagon buga takardu, muka biya kuɗin awa biyu, kowa ya zauna gaban kwamfuta ta gaskiya kamar kwata ɗaya. Sau uku muka yi haka. Ba wani ilmin kwamfuta muka koya ba, tsoronta kawai muka kashe, kuma shi ne abin da muka je nema.

Rajista Da Azumi

Rajistarmu ta faɗo a watannin Janairu da Fabrairu na 2023, daidai lokacin da aka canja takardun naira, kuɗi suka yi ƙaranci a hannun jama'a. Masu ɗinki a wurin Yaya suna da niyyar biya amma babu tsaba. Sai da ya bi su gida-gida, wani ya ba da ɗari biyar, wani ya ba da kwanon wake, kafin kuɗin suka haɗu. Ina so ƙannenmu su san cewa tun 2021 ba a rajista sai da lambar ɗan ƙasa, kuma sunan da ke kanta shi zai bi ka har takardar digiri. Mu Hausawa muna da sakaci a nan, Muhammadu a firamare, Muhammad a sakandare, Mohammed a katin ɗan ƙasa, ranar haihuwa kuma kowace takarda da tata. Malam ya sa kowa ya kawo takardunsa aka jera su a tabarma aka gwada, biyu daga cikinmu sai da suka je gyara kafin su sayi fom.

A wannan lokaci ne kuma saƙonni suka riƙa shigowa wayar ɗaya daga cikinmu, waɗansu marasa tsoron Allah suna cewa a turo kuɗi za su ba da amsoshi tun kafin ranar, ko su ƙara maki bayan an gama. Da aka karanta wa Malam, sai ya ce, "In ƙarya suke yi, kun yi asarar kuɗin iyayenku. In gaskiya suke yi, asarar ta fi girma, domin wanda ya sayi maki yau shi zai riƙe allura gobe, kuma ɗan wani cikinku za a kai masa." Ba a sake tayar da zancen ba.

Watan ƙarshe na shirinmu azumi ne, ga zafin bazara. Muka sauya lokaci, karatu mai nauyi bayan sahur da sallar Asuba sa'ad da kai yake sake, gwaji kuma bayan sallar asham. Aka yi ƙaramar salla ranar 21 ga Afrilu, jarrabawa kuwa 'yan kwanaki bayanta. Ba a shiga ɗakin sai na'ura ta karanta zanen yatsan mutum, lalle kuwa yakan hana ta karantawa, ita kanta hukumar ta yi gargaɗi a kan haka. Saboda haka 'yan'uwanmu mata biyu suka yi salla da fararen hannuwa, ƙawayensu suna ta yi musu tsiya. Ɗayarsu ta ce da ita da lalle sai ranar da ta ga sunanta a jerin waɗanda aka ɗauka.

Sakamako

Ba zan tsawaita a kan ranar kanta ba. Mun kwana a birni gidan wani ɗan garinmu don kada mota ta makarar da mu. Da na zauna, na dubi madannan, sai na ga kwalin Yaya ne aka yi da roba, kowane harafi yana inda na san shi. Na yi bisimilla na fara da Hausa, na bi da Addini, da Gwamnati, na ƙare da Turanci.

Cikin mu bakwai, biyar sun haura maki 200. Wadda ta gyara mana misalin gandu ita ce ta fi kowa, yanzu tana karatun lauya. Huɗu muka sami gurbi a shekarar. Na biyar makinsa ya isa, amma ba shi da kiredit a Turancin sakandare, sai makin ya tashi a banza, wanda ya nuna cewa shirin wannan jarrabawa ba ya yiwuwa a raba shi da na WAEC da NECO. Sauran biyun, ɗaya ya sake zama ya shiga kwalejin horon malamai, ɗaya kuwa mahaifinsa ya rasu, ya koma gona. Ban faɗi wannan don in nuna hanyarmu sihiri ce ba. Rabo na Allah ne, amma an ce mai nema yana tare da samu.

Kira Ga 'Yan'uwa

Jama'a, abin ya wuce zaure ɗaya. A sakamakon farko da hukumar ta fitar a watan Mayu na 2025, cikin ɗalibai sama da miliyan 1.9 da suka zauna, sama da miliyan 1.5 ba su kai maki 200 ba. Daga baya shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito ya ce an sami tangarɗar na'ura da ta shafi ɗalibai kusan 380,000 a Legas da jihohin kudu maso gabas, aka sake musu. Ko an cire waɗannan, adadin da ya rage abin a zauna a yi tunani ne. Mun kuma san ƙa'idar da aka daɗe ana bi a jami'o'in tarayya, kashi 45 cikin 100 na gurabe ga cancanta, kashi 35 ga 'yan yankin da jami'ar take, kashi 20 ga jihohin da aka ce sun koma baya a ilmi, kuma yawancin jihohinmu na Arewa suna cikin wannan jeri na ƙarshe. Kason nan taimako ne, ba mu raina shi ba, amma al'ummar da ta san ciwon kanta ba ta yin alfahari da shi, ƙoƙarin fita daga cikinsa take yi.

To, mu 'yan Ƙungiyar Hausa me muke da shi da za mu bayar? Ba mu da kuɗi, amma muna da abin da ya fi tsada a zauren Malam, watau iya ɗauko magana daga Turanci a sauke ta cikin Hausa ba tare da ta fashe ba. Shawarata ita ce, a dogon hutu kowannenmu ya koma tsohuwar makarantarsa ko unguwarsa, ya tara 'yan ajin ƙarshe ko da biyar ne, ya zauna da su sau biyu a mako. Ya nuna musu manhajar hukumar, don da yawansu ba su san akwai ta ba. Ya yanka musu kwali, ya riƙe musu agogo, ya duba musu sunayensu a takardu. Wanda Allah Ya hore wa kwamfutar cinya ya tafi da ita, ya bar su su taɓa. Ina kuma roƙon malamanmu na Sashe da su jagoranci 'yan'uwanmu na kimiyya da lissafi da shari'a, a tattara irin misalan randa da kanwa da jigo da gandu, a tace su, a buga ɗan littafi da za a riƙa rabawa. Wannan ma bauta wa harshe ne, bai gaza wasan kwaikwayo da kacici-kacicin da muke yi a Makon Hausa ba.

Kowannenmu in ya waiwaya zai tarar akwai wanda ya sayar da hatsi, ko ya taka keke, ko ya ba da zaure, kafin ya zo nan. Waɗannan ba sa jiran mu biya su, kuma ko mun so ba za mu iya ba. Ƙannenmu ne za su karɓi bashin a madadinsu.